Aikin Albashi, Koyon Sana'a ko Jari: Wanne Ya Fi Dacewa da Ɗan'uwa Mai Farfaɗiya?

A gidaje da yawa, muddin mai farfaɗiya yana ƙarami, hankalin iyaye yana kan maganinsa da kuma tsare shi daga bakin murhu da bakin rijiya. Da zarar ya haura shekara ashirin, sa'o'insa sun kama sana'a, wasunsu har sun ajiye iyali, sai wata tambaya ta taso wadda likita ba ya rubuta amsarta a katin asibiti, wato da me zai riƙe kansa. Na zauna a irin wannan zaman shawara a gidanmu saboda ɗan yayata, wanda ciwon ya fara kama shi yana aji uku na sakandare, amma duk da haka ya daure har ya gama difloma. Hanyoyi uku aka kawo a zaman: a nema masa aikin albashi, ko a kai shi wajen mai sana'a ya koya, ko kuma dangi su yi karo-karo a buɗe masa ɗan shago. Kowa ya kare tasa hanyar da ƙarfi, kuma sai da aka kusa tashi sannan wani ya tuna cewa ba a tambayi mai abin ba, alhali yana zaune a bakin ƙofa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Kafin a auna hanyoyin nan uku, wajibi ne a san da wane mudu za a auna su, domin farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 50 ne ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da ciwon yana tasar musu ba idan an gano shi daidai kuma an dore da shan magani. Saboda haka akwai wanda ya shekara biyu bai faɗi ba, akwai wanda a cikin barci kawai take tasar masa, akwai wanda yake jin alama kafin ta zo har ya samu ya zauna, akwai kuma wanda take kayar da shi babu sallama sau biyu a wata. Waɗannan mutane huɗu aiki ɗaya ba zai dace da su ba. Wanda zai faɗa wa iyali a wane rukuni ɗansu yake shi ne likitan da ke duba shi, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. Ya kamata a je ranar ganin likita da tambayar aiki a baki, a ambaci sana'ar da ake tunani da sunanta, a kuma roƙi takarda wadda ta bayyana halin da ciwon yake ciki.

A nawa ganin, kowace hanya da tambayoyi uku za a gwada ta. Ta farko, shin aikin zai bar shi ya yi barci a kan lokaci ya kuma sha magani a kan lokaci? Rashin barci da tsallake magani su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ta biyu, idan ciwon ya tashi a wurin aikin, me ke kusa da shi a cikin mintuna biyun nan, wuta ce ko ruwa ko inji ko tabarma, kuma wa ke tsaye a kansa? Ta uku, bayan shekara biyu, zai zama mai cin gashin kansa ne, ko kuwa har yanzu ana tallafe da shi da wani sabon suna?

Aikin albashi shi ne abin da iyaye suka fi so, kuma suna da hujja. Ofis yana da lokacin zuwa da na tashi, akwai kujera da inuwa, akwai hutun rashin lafiya, akwai albashi a ƙarshen wata wanda za a cire kuɗin magani daga cikinsa ba tare da an jira ciniki ba, ga kuma inshorar lafiya ga ma'aikatan tarayya da na jihohin da suka kafa nasu tsarin. A kan tambaya ta farko da ta biyu babu hanyar da ta kai shi. Doka ma tana bayansa: a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu wajen ganin aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu daga cikin waɗannan mutane suke, ta kuma tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira miliyan ɗaya idan kamfani ne. A ƙarƙashin dokar ne aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020, wadda ke da alhakin ba da takardar shaida ga waɗanda suka cancanta.

Sai dai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake gani a ƙasa akwai tazara. Gurbin aikin gwamnati kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, kuma farfaɗiya lalura ce da ido ba ya gani, don haka jami'in da ya saba da mai sanda ko mai keken guragu yana iya duban saurayi lafiyayye a gabansa ya ce bai ga wata nakasa ba. A nan ne takardar likita da shiga ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta jiha suke amfani, domin ta hannun irin waɗannan ƙungiyoyi ake yawan jin labarin gurbi kafin a rufe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato shi kansa mai ciwon sau da yawa ba ya son a sa shi a wannan layi, yana ganin kamar an buga masa hatimi a goshi. Wannan ra'ayinsa ne, kuma baligi ne, ba a yi masa dole. Shawarata a kan aikin gwamnati ita ce a cika takardu duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar aiki, a bi sawu, amma kada a zauna jiran sa. Na ga samarin da aka ce su dakata har kawu ya yi magana da wani babba, shekara huɗu suka wuce suna kwance a zaure, zaman ya ƙara musu damuwa, damuwar kuma ta ƙara wa ciwon ƙarfi.

Aikin kamfani da na 'yan kasuwa masu zaman kansu ya fi saurin samuwa, amma a nan ne ya kamata a buɗe ido sosai, domin ayyukan da suka fi sauƙin samu su ne mafiya haɗari ga mai farfaɗiya. Gadi galibi aikin dare ne. Masana'antun robobi da na buhuna irin na Sharaɗa da Bompai a Kano suna aiki ne da karɓa-karɓa, yau safe gobe dare, ga injina masu juyawa. Aikin gini hawa sama ne. Tuƙi kuwa, ko na mota ko na A Daidaita Sahu ko acaɓa, ba abin tattaunawa ba ne ga wanda ciwonsa bai kwanta ba, saboda ransa da na fasinja da na mai tafiya a gefen titi duk suna ciki. A Ingila ma, inda ake bin lissafin abin sosai, sai mutum ya cika wata 12 ciwon bai tashi ba kafin a bar shi ya tuƙa motar kansa, sharaɗin manyan motoci kuma ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Haka nan aikin soja da ɗan sanda da sauran masu kaki, waɗanda gwajin lafiyarsu da yanayin aikinsu ba su bar ƙofa ba. Abin da ya rage mai kyau shi ne karantarwa a makarantu masu zaman kansu, rubuta lissafi a shago ko kantin magani, aikin kwamfuta, karɓar baƙi, da kula da sito. A sani kuma cewa mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ƙaramar makaranta tana iya biyan abin da kuɗin mota da na magani za su cinye kafin tsakiyar wata. A yi wannan lissafin da biro kafin a yi murna.

Game da kwamfuta akwai wata fahimta da ke rufe wa matasa ƙofa a banza. Ana cewa hasken allo yana tayar da farfaɗiya, alhali waɗanda walƙiyar haske ke tayar wa ciwo ba su wuce uku zuwa biyar cikin ɗari na masu ita ba, kuma gwajin ƙwaƙwalwa da ake yi da wayoyi a kai yana iya nuna ko mutum yana cikinsu. Wanda ba ya cikinsu babu abin da zai hana shi buga takardu, ko yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko zanen katin biki, in dai ba zai kwana a kan aikin ba.

Hanya ta biyu, wato koyon sana'a a hannun maigida, ita ce wadda na fi ba wa ƙarfi, ko da yake dangi sun fi raina ta idan yaro yana da takardar makaranta. Fa'idarta ta farko ita ce ba ya zama shi kaɗai, kullum akwai maigida da sauran yara a shagon. Ta biyu, ana gwada ta da kuɗi kaɗan, idan wata uku suka nuna ba ta dace ba a sauya ba tare da an yi asarar jari ba. Ta uku, abin da ya koya yana hannunsa, babu mai korar sa daga gare shi ranar da aka ga ya faɗi. Amma sana'a ma suna ta tara. Walda, kanikanci a ƙarƙashin mota, aikin wutar lantarki, kafinta mai injin yanka katako, injin niƙa, rini a bakin karofi, kamun kifi, da duk abin da ake yi a gaban tafasasshen mai, waɗannan a ajiye su gefe. Ga mata wannan ya fi muhimmanci, domin sana'o'in da aka fi miƙa wa mace a cikin gida su ne tuyar ƙosai da awara da wainar shinkafa, kuma ƙuna tana cikin munanan raunukan da masu farfaɗiya ke samu. Ɗinki, saƙa, ɗinkin hula, kitso, lalle, haɗa jaka da takalmi, gyaran waya da sayar da kayanta sun fi aminci.

Ko a cikin sana'ar da ta dace, sai an shiga shagon an duba da ido. Lokacin da muka je duba wa ɗan yayata shagon telan da aka yi mana kwatance, abin da na fara gani shi ne dutsen guga na gawayi a ƙasa kusa da ƙafar mai ɗinki, da almakashi a buɗe a kan benci, da janareto a bakin ƙofa inda mutum zai faɗa kansa idan ya yanke jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya gagari gyara: guga a bar wa wani yaron, keken a matsar da shi jikin bango inda akwai fili, a shimfiɗa tabarma a gefe. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne kakar sallah, lokacin da teloli ke kwana a kan keke tun daga tsakiyar azumi. Wannan kwanan zaune guba ne ga mai farfaɗiya, kuma a irin wannan lokaci ne ake miƙa wa yara ƙwayoyin hana gajiya. Tiramadol musamman yana iya tayar da jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai ita. Dole a yi yarjejeniya tun ranar farko cewa shi yana tashi da isha'i, komai yawan ɗinki. Shagon gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano ya fi sauƙi ta wannan fuska tunda ana rufewa da dare, sai dai a kula da ƙarfen liƙi mai zafi, a kuma yi tunanin yadda zai riƙa zuwa da komawa a cikin cunkoso.

Gwamnati tana da ƙofa a wannan hanyar. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ke aiki tun 1987, tana da ofis a kowace jiha kuma tana tura matasa wajen masu sana'a su koya, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF shi ma yana gudanar da horo lokaci-lokaci. Amfanin su shi ne takardar shaida da kuma, wani zubin, kayan fara aiki. Rauninsu shi ne horon na 'yan watanni ne, kuma ba iyali ke zaɓar wanda zai koyar ba. Maigidan da aka sani a unguwa, wanda za a iya zama da shi a yi magana ta fahimta, ya fi wanda takarda ta haɗa ku da shi. Idan an samu duka biyun, a fara da na unguwa a ƙara da na hukuma.

Hanya ta uku, haɗa jari, ita ce mafi sauri kuma ita ce ke sanyaya zuciyar dangi, domin kowa ya ba da nasa ya ji ya sauke nauyi. Tana da kyau ta wajen lokaci, tunda mai shago shi ke da ikon buɗewa da rufewa, ranar da jiki ya ƙi ya kwanta babu mai yanke masa albashi. Amma a kan tambaya ta biyu tana da rauni babba. Bayan ciwon ya lafa, mutum yakan ɗauki mintuna, wani lokaci fiye da haka, a cikin ruɗewa da nauyin barci, bai san abin da ke gudana ba. A ɗauki mai POS a ƙarƙashin laima a bakin titi, da jakar kuɗi a ƙugunsa da na'ura a hannu, jama'a sun taru a kansa, wasu don taimako wasu don wani abin daban. Shagon kayan masarufi a jikin gida, inda ƙane ko mahaifiya za su leƙo da an kira, ya fi wannan aminci sau goma. Matsala ta biyu ita ce kuɗin magani yana fita daga aljihun shagon ne, kuma idan kasuwa ta yi sanyi abin da ake fara ragewa shi ne magani, a riƙa tsallake rana ko a raba ƙwaya biyu, daga nan ciwon ya dawo, shagon ya rufe. Duk iyalin da suka zaɓi wannan hanya su ware kuɗin maganin wata shida daban, a hannun wani daban, kada ya taɓa haɗuwa da jari. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Kano suna taimaka wa mabuƙata, kuma neman kuɗin magani ko keken ɗinki a wajensu ya fi cin bashi mai wa'adi, wanda fargabar biyansa kaɗai ta isa ta hana barci.

Maganin kansa yana shiga cikin zaɓin aiki. A cikin magungunan farfaɗiya, Finobabiton shi ne mafi araha, amma yana sa wasu kasala da gyangyaɗi, abin da maigida zai iya ɗauka lalaci ne. Tegretol yakan kawo jiri a farkon shan sa. Epilim da Keppra sun fi tsada, kuma Epilim yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka mace mai shirin aure ta tattauna shi da likita. Idan magani yana hana aiki, likita ake komawa ya sauya lokaci ko nau'i, ba a dainawa da kai, kuma haka batun azumi yake, a tambaya tun watan Sha'aban yadda za a daidaita sha tsakanin sahur da buɗe-baki.

Saura tambayar da ta fi raba kan gidanmu: a faɗa wa mai ba da aikin ko a ɓoye? Masu cewa a ɓoye suna da dalili, domin har yau akwai masu ganin ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko kumfar baki, akwai masu cewa aikin iska ne, kuma ɗan yayata ya taɓa rasa aikin karantarwa a wata makaranta mako guda bayan ya faɗi a ɗakin malamai, aka ce masa wai an rage ma'aikata. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta kowace hanya, tangarɗa ce ta saƙonnin lantarki a ƙwaƙwalwa. Amma ɓoyewa tana da nata farashin, domin ranar da abin ya faru babu wanda ya san abin yi, sai a danne shi, a cusa masa cokali a baki, a kwara masa ruwa, duk abubuwan da ke cutarwa. A aikin albashi ina ganin ba dole ba ne a rubuta shi a takardar neman aiki idan ba a tambaya ba, a bari sai an ga cancantarsa, sannan a yi bayani da takardar likita a hannu, kuma kada a yi ƙarya a wajen gwajin lafiya. A koyon sana'a kuwa faɗa tun farko wajibi ne, maigidan da ya ji ya ja da baya gara ya ja tun ba a fara ba.

Idan aka haɗa duka, wanda ciwonsa ya kwanta shekara ɗaya ko fiye kuma yana da takardar makaranta ya nemi aikin rana na albashi, yana koyon wata sana'a a gefe kafin ya samu. Wanda har yanzu ciwon ke tasar masa jefi-jefi ya fara da shagon maigida, inda akwai ido a kansa, jari ya biyo baya ranar da aka yaye shi, lokacin ya san kasuwar kuma an san shi. Wanda take kayar da shi a kai a kai, aikinsa na farko shi ne komawa asibiti a sake duba magani, yana ɗan taɓa sana'ar hannu a cikin gida.

Ɗan yayata ɗinki ya zaɓa da bakinsa, bayan an gama kawo masa gyaran waya da shagon kayan masarufi. Ranar da muka kai shi, na ce wa telan: "Malam, idan ka ga ya faɗi, ka janye abin da ke kusa da shi, ka sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, da jijjigar ta tsaya ka juya shi a gefensa. Kada a sa masa komai a baki, kada a riƙe shi. Ka duba agogo, idan ta wuce minti biyar ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a wuce asibiti a kira ni a hanya." Telan ya saurara har ƙarshe, ya kira manyan yaransa biyu ya sa na maimaita a gabansu, sannan ya dubi yaron ya ce: "Kai kuma in ka ji alamarta, kada ka ji kunyar kowa, ka sauka daga kan keke ka zauna a tabarma." Muka rubuta lambobin waya biyu a jikin kwali, aka manna a bango kusa da kalanda.